Itacen da ba ya ƴaƴa: fim ɗin Aïcha Macky da matar da gangaminmu ya tsallake

Shekara huɗu ke nan, kowace Laraba bayan la'asar, ina karɓar baƙuncin wasu matasa a ɗakin shirye-shiryenmu. Su ne ake kira jakadun lafiyar haihuwa. Sukan zo da riguna iri ɗaya masu tambarin furoje, kowa da takardarsa a hannu, kuma in za a faɗi gaskiya yara ne masu ƙoƙari. Sun taɓo abubuwan da manya suke kewayewa. Sun yi magana kan auren wuri, sun yi kan yoyon fitsari, sun taɓa kawo mini wata yarinya kurma da mai yi mata fassara, ta ba da labarin irin kallon da aka yi mata ranar da ta je awon ciki, kamar mai lalura ba ta da izinin haihuwa. Ranar sai da waya ta ɗau zafi don yawan masu kira.

Amma a cikin shekarun nan huɗu ba wanda ya taɓa zuwa mini da batun matar da take neman haihuwa ba ta samu ba. Ni ma ban taɓa tambayarsu ba, kuma ina da dalilina da zan faɗa nan gaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani fim da na sake kallo kwanan baya, wanda a ganina ya yi aikin da mu duka, masu riguna da masu makirfo, muka bari.

Sunan fim ɗin L'arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa. Ya fito a 2016, tsawonsa minti 52, kuma fim ne na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Wadda ta shirya shi, Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram ce a 1982. Ta karanci ilimin zamantakewar jama'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ta koyi aikin fim a IFTIC, makarantar da ni ma na yi diflomata ta aikin jarida. A shekarar da ya fito ya lashe kambun fim ɗin gaskiya a gasar AMAA ta finafinan Afirka. Lokacin Aïcha tana da shekara 34. Ke nan idan ana lissafin matasan da suka tashi tsaye kan haƙƙin lafiyar haihuwa a Nijar, ita ma tana ciki, sai dai ita ba ta zo da riga mai tambari ba. Da labarin aurenta ta zo. Tana da aure, ba ta da ɗa, kuma ta yarda ta faɗi haka duniya ta ji.

Ƙarfin fim ɗin yana ga wadda Aïcha ta zaɓa ta yi wa magana. Da ta ga dama sai ta fuskanci gwamnati, ko malamai, ko maza, ta yi musu faɗa. Sai ta juya ga mahaifiyarta, wadda ta rasu wajen haihuwa tun ita tana ƙarama. Muryarta tana tafiya a saman hotuna kamar mai karanta wasiƙa ga wadda ba za ta taɓa amsawa ba. Uwa ta rasa ranta wajen ba da rai, ƴa kuma tana raye amma ana ƙirga ta kamar ba ta cika mutum ba saboda ba ta ba da rai ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san waɗannan mata biyu, amma ban taɓa ganin wanda ya zaunar da su a tabarma ɗaya ba sai ita. Mu a rediyo mun saba raba su. Mutuwar mata wajen haihuwa batun lafiya ce, ana gayyatar likita. Rashin haihuwa kuwa batun ƙaddara ne, sai a bar shi ga masu wa'azi da masu magani.

Wannan zaɓi ya kuma ba ta mafita daga kunya. Bahaushiya ba ta tsayawa gaban jama'a ta yi zancen jininta da shimfiɗarta. Amma ƴa tana iya kai kuka wurin uwarta, kuma ba mai ganin laifinta. Mai kallo sai ya zama kamar wanda ya zo wucewa ta bayan ɗaki ya ji abin da ba don shi aka faɗa ba. Shi ya sa fim ɗin ba ya ihu. Ba ya gaggawa kuma. Kyamara takan daɗe a kan fuskar mace bayan ta gama magana, kuma sau da yawa abin da fuskar take faɗa a wannan shirun ya fi abin da bakin ya faɗa. Ni da aikina ya koya mini tsoron shiru, don daƙiƙa uku ba magana a iska sai mai kula da na'ura ya ɗago kai ya dube ka, na ji kishin wannan damar.

Abin da matan cikin fim ɗin suke bayyanawa ba sabo ba ne a kunnen kowa. Laifi na mace ne tun kafin a bincika. Abin da fim ɗin ya sa na yi shi ne na zauna na lissafa ta hanyoyi nawa muke hukunta ta. Muna da kalma dominta, juya, kalmar da muke faɗa wa saniya ma. Namijin da ba ya haihuwa fa, me ake ce masa? Na tambayi tsofaffi uku a unguwarmu, kowa ya kawo mini kalmar da take nufin wanda ba ya iya kusantar iyali, wanda kuwa wani abu ne daban. Sannan ga suna. Tsararta duk sun koma Maman Wane, ita ko tana nan da sunan yanka ko ana ce mata amarya har furfura. Ita ce mai wanke-wanke a kowane suna, ita ce mai kai gudummawa da ba za a taɓa rama mata ba. Mafi nauyi shi ne ranar da maigida ya kwanta dama. Idan yana da ƴaƴa da wasu matan, rabonta yana cikin tumunin takaba da za su raba tsakaninsu. Kishiya tana da ƴaƴan da za su gaji gida ta ci gaba da zama a inuwarsu. Ita kuwa bayan takaba sai ta ɗaure kayanta ta koma gidan ƙane ko ɗan wa, tana da shekara sittin.

To me ya sa gangamin matasa, wanda kullum yake cewa ba za a bar kowa a baya ba, ya bar wannan matar? Ba mugunta ba ce. Lissafi ne. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, adadin da ya fi na ko'ina a duniya. Shekara guda kafin nan, a 2011, ƙasashe tara masu amfani da Faransanci a Afirka ta Yamma sun ƙulla ƙawancen Wagadugu da masu ba da tallafi, da burin ƙara yawan matan da ke amfani da hanyoyin tazarar haihuwa. Daga irin wannan tsari ne jakadun matasa suka fito. Abin da ake aunawa a ƙarshen shekara shi ne mata nawa suka karɓi allura ko ƙwaya. Matar da take kuka don ba ta samu ciki ba ba ta da gurbi a wannan jadawali. A idon mai lissafi ma kamar ta rage masa aiki ne.

Amma ma'anar lafiyar haihuwa da duniya ta amince da ita a taron Alƙahira na 1994, wadda jakadun nan suke haddacewa, ba ta tsaya ga tazara ba. Ta haɗa da ikon haihuwar kanta, ta kuma ambaci rigakafi da maganin rashin haihuwa a cikin ayyukan da ya kamata a samar. Tun 2006 magungunan tazarar haihuwa da awon ciki kyauta ne a hukumance a ƙasar nan, haka ma tiyatar fitar da jariri. Gwajin gano dalilin rashin haihuwa kuwa daga aljihunka ne, tun daga eko har hoton da ake ɗauka don a ga ko bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa ya toshe. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ba wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Mutum ɗaya cikin shida ba tsiraru ba ne. A kowace fada da ake dafa shayi akwai shi.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni takaici. Wani bincike da hukumar ta gudanar a ƙasashe da dama, aka buga a 1985, ya gano cewa a Afirka mafi yawan matan da aka duba, rashin haihuwarsu ya samo asali ne daga cututtukan da suka kama hanyar haihuwa. Ciwon sanyi da ba a yi magani ba, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da ba tsabta, su ne suke toshe bututun. Shi ya sa ake yawan ganin mace ta haifi ɗaya sannan shiru. Wato abubuwan da jakadun nan suke yaƙa kowace Laraba su ne suke haifar da juya, amma ba su taɓa haɗa zaren ba. Kuma duk wanda ya taɓa buɗe layin waya kan allurar tazara ya san tambayar da mata suke fara yi: Malam, ba za ta hana ni haihuwa gaba ɗaya ba? Amsar da aka koya wa yaran ita ce a'a, ba ta hanawa, sai dai ciki yakan ɗan jinkirta bayan an daina. Amsar daidai ce. Sai dai matar ba darasin likitanci take nema ba. Ta ga abin da aka yi wa yayarta ne, kuma ba wanda zai sa ta taɓa abin da take zargin zai kai ta can. Muddin zama juya ya fi mutuwa a gadon haihuwa ban tsoro, za a yi ta raba ƙwaya ana ɓoye ta a ƙarƙashin katifa.

Wannan ne ya sa nake ganin fim ɗin Aïcha ya fi tallace-tallacenmu ɗari amfani ga gangamin kansa. Amma ba zan rufe ido ga inda ya gaza ba.

Wasiƙar da take yi wa mahaifiyarta da Faransanci take. Na san dalili. Fim yana buƙatar kuɗi, an yi shi da haɗin gwiwar kamfanin Faransa da na Sani Magori, kuma hanyar bukukuwan finafinai ta wannan harshe take bi. Amma ni ban yarda akwai ƴar Damagaram da take kai kuka wurin uwarta da Faransanci ba. Inda fim ɗin ya fi taushi nan ne ya fi nisa da matar da ya fi shafa. Na kalle shi tare da wata gwaggona da ba ta yi lakkol ba. Duk inda mata suke hira da harshen gida sai ta matso, tana gyaɗa kai tana cewa haka ne wallahi. Da muryar Aïcha ta dawo sai ta juyo gare ni: me ta ce? Ina fassarawa, hoton ya wuce, shirun nan da na yaba ya cika da muryata. Magori da kansa ya sa wa nasa fim suna Koukan Kourcia, kuma bai hana shi zagaya duniya ba.

Sannan Aïcha mace ce ƴar birni, mai ilimi, mai sana'a, wadda take iya zama gaban likita ta yi tambaya a ba ta amsa. Ciwonta na gaske ne, ba na rage shi. Amma tana da abin da za ta zama ko ba ɗa, ga shi ma ta zama. Matar ƙauyen da ke bayan Tanut ko Gure, wadda likita mafi kusa da ita ba shi da na'urar eko balle likitan mata, wadda aka saka sau biyu kafin ta kai ashirin da biyar, ita fim ɗin ya hango ta ne daga nesa.

Babban giɓin shi ne maza. Ana zancensu daga farko har ƙarshe, amma ban ga namiji ya zauna gaban kyamara ya ce matsalar daga gare ni take ba. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Da farko na ɗora wa Aïcha laifin wannan. Daga baya na tambayi kaina, wa za ta samu? Da ta zo wurina a 2016 ta ce in zauna, da na zauna?

Ga dalilin da na ce zan faɗa. Shekarata bakwai da aure, ba mu da ɗa. Shekara huɗu na farko matata ce take yawo. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta yi hayaƙi, ta je eko ya fi sau biyar, an yi mata hoton bututun nan da ta dawo tana tafiya a dafe da bango don zafi. Duk sakamakon lafiya lau. Inna ta fara aiko mini da sunayen ƴanmata. Kowane likita ya ce a turo maigida, ni kuma kullum ina da shiri a rediyo. A raina ina cewa ni da nake lafiyayye, me za a gwada? Wannan shi ne kuskuren da kusan kowane namiji yake yi, ya ɗauka ƙarfin kusantar iyali da ƙwayoyin haihuwa abu ɗaya ne. Mutum yana iya zama garau a shimfiɗa, ƙwayoyin da ke cikin maniyyinsa kuwa kaɗan ne, ko ba sa motsi. Hangum da ya kama mutum bayan balaga yana iya jawo haka, ciwon sanyi na ƙuruciya yana iyawa, kumburin jijiyoyin maraina ma haka.

A shekara ta biyar na hau mota na tafi wani gari inda ba a san fuskata ba, ko da yake muryata ta so ta tona ni. An ce in ƙaurace wa iyali kwana uku, in kawo a ɗan kwalba. Ba allura, ba zafi, kuma abin da na biya bai kai kuɗin buhun hatsi ba. Sakamako ya nuna jijiyoyin ne, ƙwayoyin sun yi ƙaranci ƙwarai. Na yi kwana tara da takardar a aljihu kafin na nuna mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta karanta, ta ninke, ta ce, Malam, Inna za ka gaya wa ko ni zan ci gaba da ɗauka? Har yau ban ji tambayar da ta fi wannan nauyi ba, kuma sai da na ƙara wata biyu kafin na je wurin Inna. An yi mini aiki bara. Muna jira.

Saboda haka in na ce fim ɗin ba shi da muryar namiji, na san inda muryar ta ɓuya. Tana gidan rediyo tana karanta sanarwa. Kuma mu masu rediyo muna da wani laifin na daban. Da mun rufe shirin jakadun matasa, abin da yake biyo baya sau da yawa tallan mai maganin gargajiya ne, wanda ya sayi minti talatin yana rantsuwa cewa garinsa yana buɗe mahaifar da ta shekara goma a rufe, yana kuma ƙara wa maza ƙarfi. Shi yana biya, don haka ba mai katse shi. Shi kaɗai ne a duk tashar yake yi wa juya magana kai tsaye, kuma kuɗinta yake so.

Ba wai ba a san yadda ake zaunar da maza ba ne. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008 da tallafin UNFPA, inda magidanta suke haɗuwa su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, kuma tsarin ya bazu har wasu ƙasashe. Ita ma Aïcha ta nuna tana iyawa. A fim ɗinta Zinder na 2021 ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ware mutanenta, ta sa ƙartin samarin da gari yake tsoro suka faɗi abubuwan da suka aikata da bakinsu. Wanda ya ga wannan zai gane cewa namiji a ƙasar nan ya fi sauƙin amsa laifin sara da suka a kan ya amsa cewa ba ya haihuwa.

Wani abu da na so a ce an fi jan shi, a fim ɗin da kuma a bakin jakadun, shi ne abin da muke da shi a gida. Nana A'isha, matar Manzon Allah (SAW), ba ta haihu ba, kuma da ɗan ƴar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu aka yi mata alkunya. Ba wanda ya isa ya ce ba ta cika mace ba, ita da malamai suke komawa gare ta neman ilimi. Alƙur'ani ya kawo labarin Annabi Zakariyya da daɗewar da ya yi yana roƙon ɗa. Al'adarmu ta riƙo, inda ake ɗaukar yaro a ba ƴar'uwar da ba ta samu ba, ita ma wani yunƙuri ne na rufa asiri, ko da yake na ga inda aka karɓe yaron da ya girma ya fara amfani. Yaran da suke zuwa wurina sun iya kawo hujjar shayarwa ta shekara biyu in ana gardamar tazara da malamai. Wannan hujjar ma tana nan, ba a koya musu ita ba ne kawai a taron horo.

Watan jiya na ce wa shugabar jakadun ina so mu yi Laraba guda kan rashin haihuwa. Ta ce, Yaya, ba ya cikin jadawalin furoje, ba za su biya kuɗin iska ba. Na ce na ji, zan roƙi darakta. Ta zo da mutum biyu, ba riguna, kuma ta yi karatunta sosai, don ita ce ta yi bayanin toshewar bututu da Hausar da gwaggona za ta gane. Na ba da labarin fim ɗin, na ba da nawa, bayan na nemi izinin matata da safe. Mutum goma sha ɗaya suka kira. Goma mata ne, kuma uku daga cikinsu ba su yarda sun faɗi ko sunan unguwarsu ba. Na ƙarshe dattijo ne, ya ce yana tambaya ne a madadin wani abokinsa. Yana so ya san ko masu gwajin nan suna gaya wa wani sakamakon. Na ce masa a'a, Baba, a hannun mai shi ake ba shi, a rufe. Ya ce to, a wane gari na yi nawa? Na ce ya kira ni bayan shiri.